Sunan da Hajja Ba Ta Faɗa

A Kurayyat, can kudancin Jidda, na san wata tsohuwa da ta haifi ɗa a ƙasar Hausa, ta goyo shi ta kamo hanyar Makka a ƙasa, aka binne mata shi a wani wuri cikin Sudan. Duk duniya ita kaɗai ta rage da ta san sunan yaron, ita kuwa ba ta faɗa. Ɗan fari ne, matan zamaninsu kuma ba sa kama sunan ɗan fari ko da wuƙa a wuya. Shekaru sun ja, ciwon suga yana cin ta a hankali, in kuwa ta tafi da sunan a cikinta shi ke nan, ya zama kamar ba a taɓa haihuwar yaron ba. Ba don wata Ba'amurkiya masaniyar tarihi da ta faɗo mana Jidda ba, da ni kaina ban san an yi shi ba.

Ni aikin gwajin jini ya kawo ni garin, a wani asibiti mai zaman kansa. Ina zaune a Bani Malik, a wani gidan sama da muka cika shi da ma'aikatan jinya na ƙasashe iri-iri, kowa da warin girkinsa. Tarihi kuwa tun a sakandare muka raba gari da shi. A ganina haddar sarakuna ce da shekarun yaƙi, ka juye a takardar jarrabawa ka fito ka manta. Wata rana ƙawata da muka yi jami'a tare, wadda aure ya kai Amurka, ta kira ni ta ce malamarta za ta zo Jidda, tana neman mai raka ta wurin tsofaffin Hausawan da suka zo hajji a ƙasa suka zauna. Ta ce babbar farfesa ce, littattafanta ake karantarwa a jami'o'insu. Na ce to. A raina kuwa cewa nake, ga wata Baturiya nan za ta zo ta tambaye ni ko akwai wutar lantarki a garinmu.

Sai ga wata tsamurarriyar tsohuwa, furfura na leƙowa ta ƙarƙashin mayafi, abayar da ta saya ta yi mata yawa tana share ƙasa. Ta ɗan rusuna ta ce, "Ranki ya daɗe, ina gajiya? Yaya muka ji da zafi?" Na rasa inda zan sa kaina. Hausar Zariya ce a bakinta, tsohuwa tukuf, irin wadda rabona da ji tun kakata na da rai. Mota ma mato take ce mata. Na tambaye ta, mai wannan Hausa me za ta yi da tafinta? Ta ce kunnenta ya yi nauyi, Hausar Jidda kuma rabinta Larabci ne, sannan ba a faɗa wa gidan mutane babu wanda ya yi maka iso. Wannan ta ƙarshen ce ta sa na fara ganin ta da mutunci.

A cikin tasi na san rayuwarta, guntu-guntu, don hanyar Kurayyat ba ta rabuwa da cunkoso. Ubanta manomin masara ne a wani yanki da ƙanƙara ke rufe musu hanya da hunturu, ita ce kuma ta fara shiga jami'a a danginsu. Can ta haɗu da malamin da ya juya mata rayuwa, wani dattijo baƙar fata, jikan bayi, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ɗakunan ajiyar kotuna da coci-coci yana tonon tsofaffin takardu, yana neman sunayen mutanen da aka sayar. Shi ya tura ta Afirka. Ta zauna a Zariya, ta yi Njamena, ta yi Khartum, ta sha sanyin Landan a ɗakin da ake ajiye rahotannin Turawan mulki. Ta ce akwai littafinta guda da ya ci mata shekarun da jariri zai girma ya shiga sakandare. Na yi dariya har direba ya waiwayo. Na ce mu a wurin aikinmu in sakamako ya yi jinkiri kaɗan sai an kira mutum ofis. Ta taɓa aure, auren ya mutu, mijin ya gaji da matar da kullum tana wata ƙasa tana shaƙar ƙurar takarda. Ta faɗe shi ba ɗaci, tana kallon shaguna ta taga.

Tsohuwar da na kai ta wurinta Hajja muke ce mata. A asibiti na san ta, 'yar autarta ce ke kawo ta gwajin suga. Autar nan ba yarinya ba ce, ta aurar da 'ya'ya, amma har yau Auta ake kiran ta. Haifaffiyar Jidda ce, tana jin Hausa tas, sai dai in za ta mayar sai Larabci ya riga ta fitowa. Gidansu ƙarami ne a wani lungu, ɗakin Hajja na ƙasa, da tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki da ke gurnani kamar injin niƙa. Muna shiga Hajja ta ce, "A'a, Likita mai shan jinin mutane, yau kuma har gida kika biyo ni?" Ta ƙare wa Farfesa kallo sama da ƙasa, ta ji gaisuwarta, ta ce, "Wannan ai tamu ce, wanki kawai ta sha. Zauna, Malama."

Abu guda na lura da shi tun ranar farko. Babban ɗanta direba ne a wani gida a Abhur, can arewacin Jidda, dattijo da gemunsa fari, ranar hutunsa yakan zo gaishe ta. Hajja kuwa sunansa take kwaɗa masa gatsau, ta aike shi, ta yi masa faɗa, har ta tura masa sauran shayinta. Uwata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kama sunan yayanmu ba, "wancan" take cewa, ko "mai sunan malam". Na ce a raina, oh, Jidda ta cinye wa tsohuwar nan alkunya. Na bar shi a haka.

Yadda Farfesa ke aiki ya kusa haukata ni. Za ta ajiye 'yar na'urar ɗaukar magana a kan tabarma, ta nemi izini, ta yi tambaya guda ɗaya, gajera, sannan ta naɗe hannu ta yi shiru. Hajja ta yi magana ta tsaya, Farfesa shiru. Shayi ya huce, Farfesa shiru. Ni kuwa Allah bai yi ni da jure shiru ba. Da na ji wuri ya yi tsit sai in ce, "Allah sarki, sai kuma aka yi yaya?" ko in ƙarasa wa Hajja maganar da ta ɗauko. A hanyar komawa Farfesa ta ce mini, cikin ladabin nan nata mai ban haushi, "Don Allah, ranki ya daɗe, in ta yi shiru ki bar ta. Ba ta gama ba ne, tana nemowa." Na ji haushi ƙwarai. Ranar hutuna na sadaukar, ga shi ana koya mini yadda ake hira da tsofaffin garinmu. Na kumbura har Bani Malik, ita kuwa ko a jikinta.

Amma labari ya fito. Daga wani ƙauye a ƙasar Haɗeja suka taso, ita da mijinta da wasu danginsa, tana yarinya ɗanya. Wani wuri a ƙasa, wani wuri a kan jaki, in an yi sa'a a bayan babbar mota. In guzuri ya ƙare sai a yada zango a yi ƙodago, a yi damina guda ko biyu, a ƙara gaba. Ta ba mu labarin ƙetare Chadi, da rijiyoyin da ruwansu ke da ɗaci, da tsinkar auduga a Jazira, can cikin Sudan, har yatsu su fashe, da jirgin ruwan da ya kwaso su zuwa Jidda, wanda ta ce tun da take ba ta taɓa yin amai irin na ranar ba. Tana ba da labari tana tsokana. Mijinta, Allah ya jiƙansa, ta ce shi ne jarumin ayari har ranar da raƙumi ya yi masa atishawa a fuska. Farfesa takan koma kan abu guda sau da yawa ta wata fuskar, wane gari ne kafin wane, me aka ci, wa ya ɗauki me. Ni a lokacin gani nake ɓata lokaci ne.

Wata la'asar Farfesa ta ce in same ta a wani wurin shan shayi a bakin teku. Iska na kaɗawa, yara na gudu da kekuna. Ta miƙo mini abin sawa a kunne ta ce in saurari wurare biyu daga hirar Hajja da ta ɗauka. A na farko Hajja na ba da labarin farkon tafiya. Tana cewa bayanta ya yi tsami, tana cewa sun roƙi madara wurin Larabawan daji, tana cewa duk inda aka sami ruwa sai ta tsaya wankin tsummoki ayari ya yi ta jiran ta. Tukunya kuwa mijinta ke ɗauke da ita, har ana yi masa dariya. A na biyu sun wuce Junaina, garin bakin iyakar Sudan, da 'yan kwanaki. Muryar Hajja ba ta canja ba ko kaɗan, ta ce, "Sai na karɓi tukunyar na ɗaure ta a baya da zane, muka ci gaba."

Farfesa ta ce, "Mai goyo ba ta ɗaura tukunya a baya."

Da kunnena na ji maganganun nan a ɗakin Hajja, da bakina na fassara wasu, ban ga yaron ba. Sai kuma direban Abhur ya faɗo mini a rai, da yadda take kwaɗa masa suna. Ashe ba Jidda ce ta cinye mata alkunya ba. Alkunyar na nan daram, ba shi ne mai ita ba. Na gaya wa Farfesa, ta gyaɗa kai a hankali, ta ce ita ma ta yi wannan tunanin amma ba ta so ta riga ni faɗa.

Na ce to gobe sai mu tambaye ta. Ta ce a'a. Na ce kamar yaya a'a, ba abin da ya kawo ki ke nan ba? Ta ce abin da Hajja ta ba ta shi ne nata, wanda ta riƙe kuwa na Hajja ne. Ta ce tana ƙuruciya ta taɓa matsa wa wani tsoho a Khartum da tambaya har ya faɗi abin da bai yi niyya ba, ta samu shafi biyu masu kyau, shi kuma bai sake yarda ya gan ta ba. Na ce Farfesa, matar nan ni nake gwada jininta, na san abin da nake gani, ba ta da lokacin wannan kawaicin naki. Ta ce ta sani. Muka rabu ranar ba daɗi. Na hau tasi ina ta masifa a zuci, wai mutum ya ƙetaro teku don ya zo ya yi shiru.

Da na kasa haƙuri sai na tari Auta a asibiti, na ja ta gefe. Ban gama tambaya ba idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Wallahi ya ukhti, na sani, ya'ani na san akwai. Abuya, babanmu, ya faɗa sau ɗaya kafin ya rasu, ya ce akwai wani kafin yayanku. Ummi ta tashi ta bar ɗakin. Ban tambaye shi suna ba, na ce ba'aden, ba'aden, sai wata rana, har ya tafi." Ta ce ta taɓa gwada tambayar uwar, Hajja ta juya mata baya, ranar ko abincinta ba ta ci ba. Abin da ke damun Auta shi ne, duk Ramadan tana zuwa Makka ta yi wa ubanta addu'a da suna, ta yi wa kakanninta da ba ta taɓa gani ba da suna, amma ɗan'uwanta ciki ɗaya sai dai ta ce "wanda Ka sani". Ta ce, "Allah Ya san shi, sahih. Amma ni ma ina so in san shi." Na ba ta auduga ta share ido, don ita ce a hannuna.

Zuwanmu na ƙarshe, bizar Farfesa ta kusa ƙarewa. Bayan la'asar ne, Auta ta kawo shayi da na'ana'a da gyaɗa soyayya. Farfesa ta kunna na'urarta, amma kafin ta buɗe baki Hajja ta riga ta. Ta ce, "Yau ni ke da tambaya. Ke Malama, da tsufanki da komai, me ya hana ki zama a gidanku? Me kike nema a bakin tsofaffi?"

Na san Farfesa ba ta shirya wa wannan ba, don har kunnenta ya yi ja. Ta ce, "Hajiya, na daɗe ina karanta takardun da Turawan mulki suka rubuta a kan hanyar da kuka biyo. Sun rubuta yawan jakuna, sun rubuta rijiyoyi, sun rubuta sunan kowane jami'i da ya sa hannu. In aka zo kanku sai su ce, mahajjata da dama sun mutu a hanya bana. Shi ke nan. Malamina ma haka ya tarar da kakanninsa a takarda, mace ɗaya, yaro ɗaya. Har ya rasu yana nema, kaɗan ya samu. Ni kuma abin ya tsaya mini a rai, na kasa zama."

Hajja ta ce, "Da dama."

Farfesa ta ce, "Haka suka rubuta."

Wuri ya yi tsit, sai gurnanin na'urar sanyi. Magana ta taho mini har maƙogwaro, na danne ta da kurɓar shayi mai zafi har na ƙona harshe. Hajja na ta murza bakin zanenta. Ban san iya tsawon shirun ba, na dai san an fara jiyo masu sayar da kaya suna rufe shaguna don sallar magariba ta gabato.

Can ta nuna na'urar da haɓa ta ce, "Kashe abin nan." Farfesa ta kashe, ta saka a jaka, ta zuge, ta tura jakar bayanta.

Hajja ba ta dubi kowa ba. Ta ce gudawa ce ta kama shi, ya fara tafiya ke nan, yana kama zanenta yana miƙewa. Kwana kaɗan ya yi. Mutanen wani ƙauye suka taimaka aka haƙa a gindin aduwa. Ita tana can nesa wurin kaya, don akwai yayyen miji a ayarin, ɗan fari ne kuma, ba a ganin hawayen uwa a kansa. Ta ce, "An ce kada in yi kuka, ban yi ba. Har yaba mini aka yi." Da gari ya waye aka ɗaura kaya. Bayanta ya yi mata wani irin sakayau, ta kasa tafiya, shi ya sa ta karɓi tukunyar.

Auta na zaune a gefen katifa ta toshe baki da mayafi. Ni kam hawaye nake yi a fili, ban da alkunyar kowa. Tausayin matar nan ya kama ni, haushi kuma ya kama ni, na rasa wanda zan ji haushinsa, don waɗanda suka hana ta kuka ba mugunta suka yi ba, abin da suka tarar ke nan. Farfesa ta sunkuyar da kai, hannuwanta a kan gwiwa.

Sai Hajja ta gyara zama, ta koma muryarta ta tsokana. Ta dubi Auta ta ce, "Ke, duk zaman da kika yi a madarasa, an koya muku sunayen Annabawa kuwa? Ko yawo kawai kika yi?"

Auta ta ce, "Ummi, yanzu?"

"Yanzu. Jero mini su daga farko, a hankali. Matso nan."

Auta ta matso har gwiwarsu na gogar juna. Ta fara jerowa da 'yar waƙar da ake koya wa yara, Hajja ta ɗora tafin hannunta a kan cinyarta. Suna na bin suna. Ni sai a lokacin na gane abin da tsohuwar ke yi. Auta ba ta gane ba tukuna, tana ta ja, har ta iso kan wani suna, sai yatsun Hajja suka damƙe cinyarta da ƙarfi.

Auta ta tsaya cak. Ta dubi hannun, ta dubi uwarta. Hajja na kallon bango.

Ba zan rubuta sunan a nan ba, don ba ni aka bai wa ba. Littafin Farfesa ma da ya fito daga baya babu shi a ciki, akwai dai tukunyar. Sunan na Auta ne da 'yan'uwanta.

Auta ta sake faɗin sa, shi kaɗai, ba waƙa, ta sa masa "Yaya" a gaba, yadda ake kiran wanda ke ɗaki na kusa. Na zaci Hajja za ta tashi ta bar wurin, ko ta yi mata tsawa. Ba ta saki cinyar ba.

Ta ce, "Ƙara kira. Tun ranar da aka rufe shi ba wanda ya sake kiran sa."